Daga Man Shanu Zuwa Man Fetur: Tarihin Sanin Yadda Yisti Ke Cin Mai

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalma guda ɗaya da yake kiran abubuwa da yawa da ita, watau "mai". Tun kaka da kakanni akwai man shanu da man gyaɗa da man kaɗanya da man ja. Da mota da injin suka shigo ƙasar nan, bai wahalar da kansa wajen neman sabon suna ba, sai ya ce man fetur, da man gas, da baƙin mai. Masanin kimiyya yana iya cewa an yi gaggawa a nan, domin kashin farko abinci ne, kashi na biyu kuwa in mutum ya sha sai asibiti. To amma akwai waɗansu ƙananan halittu waɗanda a wurinsu duka biyun abinci ne, kuma ta hanya ɗaya suke cinye su. Waɗannan su ne waɗansu jinsunan yisti, dangin wanda masu gidan burodi ke sawa a kwaɓin fulawa don ya kumbura.

Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin yadda aka gane wannan al'amari. Za a fara daga ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, inda matan Fulani suka daɗe suna fama da aikin irin waɗannan halittu a cikin ƙwarya ba tare da sun gan su ba. Daga nan a duba yadda masana suka warware sirrin, sa'an nan a zo kan ƙoƙarin da kamfanonin mai suka yi, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1989, na mayar da man fetur abincin dabbobi. A ƙarshe a komo gida a ga abin da tarihin ke koya mana.

2.0 Kwarin Rima da Sana'ar Nono

Gabashin Sakkwato ƙasar kiwo ce tun kafin jihadi, saboda fadamun gulbin Rima da na gulbin Sakkwato suna riƙe ɗanyar ciyawa bayan tudu ya bushe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa ribaɗi a Wurno, ya zauna can, kuma can ya rasu aka binne shi. Yana daga cikin manufofinsa a jawo Fulani makiyaya su zauna kusa da garuruwan ribaɗi. Har a 1853, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Wurno, nan ne mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Gari irin wannan, mai fada da malamai da mayaƙa da baƙi, kasuwa ce babba ga nono da man shanu. Haka kuma abin yake a kasuwannin Rabah da Goronyo.

Yadda ake sarrafa nono sananne ne ga mahalarta wannan taro, amma ya kamata a tuna matakansa. Ana tatsar madara, a zuba a ƙwarya, a sa ɗan ragowar nonon jiya, a rufe da faifai ta kwana. Kafin gari ya waye ta kama ta zama kindirmo. In ana son mai sai a kaɗa, man ya taso, a tsame shi a cuccura, abin da ya rage shi ne tsala. Galibi a cikin nonon ake barin curin man yana iyo har a kai shi kasuwa. Wadda ta saya, in tana so ya daɗe, sai ta soya shi, sau da yawa da albasa, har ruwan da ke ciki ya ƙone, ta tace ta zuba a kwalba ta toshe.

Duk macen da ta san girki ta san dalilin wannan suya. Ɗanyen man shanu ba ya jimre zafin bazara. Cikin 'yan kwanaki ƙanshinsa ya juya, ya fara wari, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Soyayye kuwa yana yin watanni. Wannan matsala ce ma'aikatan dabbobi na zamanin Turawa da ke Vom suka tarar a shekarun 1930 da 1940, sa'ad da suka shiga cinikin man shanu. Su ma ba su sami wata dabarar adana shi a ƙasa mai zafi da ta wuce narkarwa da tacewa ba.

3.0 Abin da Ke Ɓata Man Shanu

Bayanin wannan ɓaci ya fara fitowa ne daga Faransa. A 1823 Michel Chevreul ya buga littafinsa a kan kitsen dabbobi, inda ya nuna cewa kitse haɗi ne na abu biyu: gilisarin, da kuma waɗansu sinadarai da ake kira asid ɗin kitse. Daga baya aka tabbatar cewa kowace ƙwayar gilisarin tana riƙe da asid uku. Shi asid ɗin kitse kamar tsarkiyar tasbaha yake. Ƙwayoyin kabon ne a jere, kowace tana ɗauke da haidirojin, sa'an nan a kai ɗaya akwai oksijin guda biyu. Tsarkiyar takan yi tsawo ko ta gajarta. Asid ɗin da ake kira falmitik, wanda ke da yawa a man ja da man shanu, kabon 16 gare shi. Wanda ake kira butirik kuwa 4 kawai gare shi, kuma muddin yana ɗaure da gilisarin ba a jin ɗuriyarsa, amma da ya kuɓuta shi ne warin nan na ɓataccen man shanu.

Mene ne ke kwance shi? Abin da ke yin wannan aiki shi ne enzayim, watau wani nau'in furotin da halitta ke ƙerawa don ya hanzarta wani aiki guda, kamar yadda kowane makulli yake da ƙofarsa. Sunan ma daga yisti aka samo shi. Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro kalmar a shekarun 1870 daga Girkanci, ma'anarta "a cikin yisti". A 1897 Eduard Buchner ya niƙa yisti ya tace ruwansa, ya nuna cewa ruwan kaɗai, ba tare da rayayyar ƙwaya ba, yana iya ruɓar da sukari. Wannan ya kawo masa lambar Nobel a 1907.

Enzayim ɗin da ke raba asid da gilisarin sunansa lifes. Madara da kanta tana ɗauke da shi, haka kuma waɗansu bakteriya da fumfuna da yisti suna fitar da nasu. Bakteriya ne ke tsamar da nono, amma yisti yana daga cikin halittun da tsami ba ya kora, shi ya sa ake samunsa a nono da cuku a ko'ina cikin duniya. Akwai ma wani jinsi da aka sa wa suna saboda wannan hali, Candida lipolytica, watau mai narkar da kitse. A 1980 aka sāke masa suna zuwa Yarrowia lipolytica.

In an lura, suyar man shanu ta magance abin ta fuska uku. Ɗanyen mai yana ɗauke da ruwa kusan kashi 16 cikin 100, kuma lifes ba ya aiki sai da ruwa, ga shi suya ta kore ruwan. Zafin wuta ya kashe ƙananan halittun, ya kuma lalata enzayim ɗin da suka riga suka fitar. Toshe kwalba kuwa yana rage iska, wadda ita ma tana ɓata mai ta wata hanya dabam. Matan da suka gāji wannan dabara ba su san sunan lifes ba, amma sun san maganinsa.

4.0 Yadda Ake Yanka Tsarkiyar

Yisti ba don ya ɓata wa mutane mai yake kwance asid ba, abinci yake nema. Tambayar da ta biyo baya ita ce yadda halitta ke samun ƙarfi daga wannan doguwar tsarkiya. A 1904 Franz Knoop ya yi wani gwaji mai hikima. Ya liƙa wata alama da jiki ba ya iya narkarwa a wutsiyar asid iri-iri, ya ciyar da karnuka, sa'an nan ya bincika fitsarinsu ya ga abin da ya rage maƙale da alamar. Ya tarar in adadin kabon mai rabuwa biyu ne, saura iri ɗaya ake samu, in kuwa mara rabuwa ne, wani iri dabam. Daga nan ya gane cewa jiki bibbiyu yake yanke kabon, ba ɗai-ɗai ba. A 1951 Feodor Lynen ya gano ainihin gutsuren da ake yankewa, wanda ake kira asetil-CoA.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Da farko a ɗaura wa asid wani sinadari mai suna CoA, kamar yadda ake sa wa fartanya ƙota. Daga nan enzayim na farko ya cire haidirojin biyu, na biyu ya ƙara ruwa, na uku ya sake cire haidirojin, na huɗu ya yanke kabon biyu. Tsarkiyar da ta rage ta koma farko a maimaita. Asid mai kabon 16 zagaye 7 yake yi, ya ba da gutsure 8. Waɗannan gutsattsari su yisti ke ƙonawa ya sami ƙarfi, ko ya gina jikinsa da su.

A jikin yisti wannan aiki yana gudana ne a cikin waɗansu 'yan jakunkuna da ake kira feroksizom, sunan da Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya sa musu a tsakiyar shekarun 1960. A 1978 masana a Japan suka nuna haka a jikin Candida tropicalis. Dalilin keɓe aikin a jaka shi ne matakin farko yana haifar da haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi a asibiti, wanda guba ne ga ƙwayar halitta. A cikin jakar akwai wani enzayim mai suna katales da ke mayar da shi ruwa da oksijin nan take.

5.0 Zumuntar Kitse da Fetur

Kafin a ga yadda man fetur ya shigo cikin labarin, dole a san asalinsa, kuma duwatsun gabashin Sakkwato suna taimakawa wajen fahimtar haka. Masana duwatsu sun sa wa shimfiɗun ƙasar wannan yanki sunayen Taloka da Dukamaje da Wurno. A lissafinsu, kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce teku ce ta malale wurin. An tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku a ƙasar Goronyo, kuma a 1972 masanan Italiya suka sa mata suna Goronyosaurus. A ƙarƙashin tekuna irin wannan ne man fetur ke samuwa. Ƙananan tsirran ruwa su mutu, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa su dafa maiƙon jikinsu shekaru aru-aru. Ba a kai ga haƙo man sayarwa a kwarin Sakkwato ba, amma a yankin Neja Delta, inda aka samu mai a Oloibiri a 1956, irin wannan tafarki aka bi.

Abin da dahuwar ƙasa ta yi shi ne ta cire wa asid kan nan mai oksijin, ta bar tsarkiyar kabon da haidirojin zalla. Wannan shi ake kira haidirokabon, miƙaƙƙen cikinsa kuwa alken ko farafin. Tsarkiya ce marar kai, ba inda za a ɗaura mata ƙota, shi ya sa cikin mutum da na saniya ba sa amfana da ita. Yistin burodi ma ba ya iya cinta.

Tun a 1895 wani masanin Japan mai suna Miyoshi ya lura fumfuna na iya huda kakin farafin. A tsakiyar ƙarni na 20 aka tabbatar cewa Candida lipolytica da Candida tropicalis suna girma a kan alken ba tare da sukari ba. A farkon shekarun 1970 aka gano makamin da suke amfani da shi, watau enzayim mai suna saitokurom P450. Shi ne ke ɗauko oksijin daga iska ya dasa a ƙarshen tsarkiyar, ta zama wani nau'in alkohol. Enzayim na biyu ya mayar da ita aldihaid, na uku ya mayar da ita asid ɗin kitse. Alal misali, alken mai kabon 16 da ke cikin man gas yana komawa asid falmitik, wanda ba shi da bambanci da na cikin man shanu. Daga nan sai ya shiga feroksizom a yanka shi bibbiyu. Watau yisti yana mayar wa fetur kan da ƙasa ta cire masa ne, sa'an nan ya ci shi a matsayin kitse. Bayan da aka karanta dukkan ƙwayoyin gādon Yarrowia lipolytica a 2004, an ga tana da ire-iren wannan P450 har 12, da ire-iren enzayim ɗin farko na yanka guda 6, waɗansu sun fi ƙwarewa a gajeren tsarkiya, waɗansu a dogo.

6.0 Furotin Daga Fetur

Kamfanin BP ne ya fara neman kuɗi da wannan ilmi. A ƙarshen shekarun 1950, a matatarsa ta Lavera kusa da Marsai a Faransa, Alfred Champagnat da abokan aikinsa suka riƙa kiwon yisti a kan man gas. Riba biyu suka hango. Yistin zai cinye kakin da ke sa man gas daskarewa a lokacin sanyi, sa'an nan a busar da shi a sayar, domin kusan kashi 60 cikin 100 na busasshen yisti furotin ne. Ton ɗaya na farafin yana ba da kimanin ton ɗaya na yisti.

Zamanin ya dace da su. Mai yana da araha, kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna ta gargaɗi, musamman a wani rahoto na 1968, cewa duniya na fuskantar ƙarancin furotin. BP ya sa wa hajarsa suna Toprina, ya gina masana'anta mai ton 4,000 a shekara a Grangemouth ta Sikotlan, da mai ton 16,000 a Lavera, sa'an nan ya haɗa gwiwa da wani kamfanin Italiya suka gina mai ton 100,000 a Sarroch cikin tsibirin Sardiniya. A 1976 UNESCO ta ba Champagnat lambarta ta kimiyya.

Amma kafin a ba da lambar, ginin ya fara tsagewa. A Japan ƙungiyoyin masu saye sun tayar da ƙayar baya saboda tsoron cutar daji, kamfanoni suka janye a 1973. A ƙarshen shekarar, bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12, alhali waken suya, wanda shi ne abokin gasa, noma shi ake yi. Hukumomin Italiya kuma suka hana masana'antar Sarroch izni saboda gardama a kan ragowar farafin a kitsen dabbobin da aka ciyar. A 1978 BP ya bar harkar. Tarayyar Sobiyat ta ci gaba da manyan masana'antu, har mutanen garin Kirishi suka yi zanga-zanga a 1987 saboda ciwon numfashi da suka danganta da ƙurar masana'antar. A 1989 gwamnati ta yanke shawarar rufe masana'antu 8 ko juya su zuwa wani aiki.

7.0 Darasi Ga Gabashin Sakkwato

A daidai shekarun da ake wannan gardama a Turai, fari na 1972 zuwa 1974 yana kashe shanu a ƙasar Sakkwato da sauran yankin Sahel. Mutum zai iya tambaya: da Nijeriya, mai arzikin mai, ta gina irin wannan masana'anta, da garken Rabah da Goronyo sun tsira? Amsar ita ce a'a. An shirya Toprina ne don kaji da aladu da maruƙan da ake turkewa a Turai. Bokolo da rahaji kuwa ciyawa da ruwa suka rasa. Saniya tana tafe da tata masana'antar a cikin tumbinta, inda ƙananan halittu ke narkar da ciyawa su ƙera mata furotin. In ta sami harawa da ƙaiƙayi da dusa da ɗan angurya, ta ƙetare rani. A 1974 ma wani likita mai suna Donald McLaren ya rubuta a mujallar Lancet cewa an zuzuta batun furotin, abin da ke damun yaran ƙasashe matalauta shi ne ƙarancin abinci gaba ɗaya. Wannan shi ne darasi na farko: ilmin kimiyyar daidai ne, amma an ɗora shi a kan arhar mai, an kuma nufi ciwon da ba shi ne namu ba.

Darasi na biyu ya shafi ƙasar noma. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya bunƙasa a kwarin Rima har zuwa Wurno, kuma injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Kowane inji yana zubar da baƙin mai, haka kowane garejin makaniki. Ƙananan halittun ƙasa, yisti da bakteriya, suna iya cinye wani kashi na wannan ƙazanta, amma da sharaɗi. P450 ba ya aiki sai da iska, don haka sai an kaftu ƙasar. Mai ba shi da sinadarin naitirojin, don haka sai an zuba taki. Har ila yau, miƙaƙƙen alken ne yisti ya fi ƙwarewa a kai. Sinadarai masu siffar zobe suna ba shi wuya, ƙarafan da ke cikin tsohon baƙin mai kuwa babu enzayim da ke narkar da su. Saboda haka hana zubarwa ya fi sharewa sauƙi.

Darasi na uku shi ne mafi gaggawa. Yistin da ya fi dacewa da zafin Sakkwato shi ne wanda ya rayu a cikinsa, a ƙoren nono da ake gādo daga uwa zuwa 'ya, da kuma ƙasar da mai ya daɗe yana zuba a kai. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, sun tarwatsa rugage da dama a wannan yanki. In ruga ta watse, ƙwaryar da ragowar nonon jiya sun tafi tare da ita. Ya kamata masana ƙananan halittu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a Sakkwato a 1975, su haɗa kai da masana harshe da tarihi, waɗannan su tattara iri su adana, waɗancan su rubuta kalmomi da dabarun sana'ar daga bakin masu ita.

8.0 Kammalawa

An ga cewa hanyar da yisti ke bi ya cinye mai guda ɗaya ce: a kwance asid daga gilisarin in kitse ne, ko a dasa wa tsarkiya oksijin in fetur ne, sa'an nan a yanka bibbiyu. Matan rugage sun koyi tsayar da wannan aiki da wuta, kamfanonin mai kuwa sun nemi hanzarta shi da injuna. Masana'antun furotin an rufe su, ko da yake ana ci gaba da amfani da waɗannan jinsunan yisti wajen ƙera lifes da waɗansu sinadaran masana'antu. Man shanu kuwa har gobe soya shi ake yi kafin a zuba a kwalba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu san halittun da ke cikin ƙwaryarmu da sunayensu, mu san abin da kowace ke iya yi, tun masu ƙwaryar suna nan da za a tambaya.